Kurakuran da aka fi yi wajen sake gina gada da kwalbati a rafukan Gombe

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba labarin ɗaya ne a ƙauyukan Akko, Kwami, Yamaltu/Deba har zuwa Balanga: ruwa ya cinye kwalbati, motar kasuwa ta maƙale a ƙetare, mai naƙuda sai an zagaya da ita a babur. Da rani ya kama, ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari sai ta tashi gyara. Abin da ke ci mini rai shi ne, da yawa daga cikin ayyukan nan tun ranar awo aka ɓata su, domin ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya kayar da na da.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da sabo daidai girman tsohon. Ana zuwa awo ne a watan Fabrairu, rafi ya bushe sai yashi, a ga kamar bututu biyu sun isa. Alhali ruwan Agusta ake gina wa. Kafin a kafa turaku a nemi dattawan wurin da masu lambun bakin rafi, a ce, "Baba, a shekarar da ruwa ya fi cika, ina ya kai?" Za su nuna maka da sanda. A ɗaga kai kuma a dubi rassan bishiyoyin gaɓa, za a ga busasshiyar ciyawa da ledoji maƙale a inda ruwan bara ya kai. A kewayen birnin Gombe abin ya fi tsanani, don tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 gonaki da yawa sun koma gidaje, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da yanzu daga kwano yake sauka ya bi lambatu ya faɗa rafi a lokaci guda. Rafin da ke ɗauko kara da rassa da yashi, kwalbati mai siffar akwati ya fi dacewa da shi, jerin ƙananan bututu kuwa reshe ɗaya ya isa ya toshe su. Inda bututun ya wadatar ma, kada faɗinsa ya gaza santimita 90, yadda mutum zai iya shiga ya yashe.

Sai kuskuren da ba a gani sai ya yi ɓarna. Mutane suna zuba ido a kan saman gada, su ga kankare mai kauri su ce aiki ya yi. Amma je ka dubi kwalbatin da ya faɗi, sau da yawa za ka tarar saman nan lafiyarsa ƙalau, ya dai kife ne cikin rami. Ruwa idan ya matsu ya fito da ƙarfi ta ɗaya bakin, sai ya haƙa rami a wurin faɗarsa, ramin ya riƙa ja da baya yana cin ƙasar da ke ƙarƙashin ginin har ya bar shi a rataye. Ƙasar Gombe mai yashi ce, ba ta da riƙo, haka kwazazzaban da suka raba unguwannin garin suke ci gaba da faɗi. Maganinsa ba wani abin ɓoye ba ne. A yi daɓen kankare a mashiga da mafita, a ƙarshen daɓen a nutsa ɗan bango cikin ƙasa don ya tare ruwan da ke bi ta ƙasa, sannan a jera manyan duwatsu a gabansa, ko da siminti ko a cikin ragar waya. A gina bangayen gefe masu buɗewa su rungumi ruwan su kai shi baki. Waɗannan ne ɗan kwangila ya fi saurin yankewa idan kuɗi sun yi ƙasa, saboda ranar buɗe aiki ba su ake ɗauka a hoto ba. Kwamitin gari ya tabbatar an rubuta su a takardar aiki, ya kuma tsaya a kansu. Harsashin ƙafafun gada ma ya sauka ƙasa da inda ruwa ke iya haƙowa, ba a dasa shi a kan yashin rafi ba.

Ciko ma ana wasa da shi. A yankunan da ke da baƙar laka, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, ba a mayar da ƙasar da aka haƙo a bayan bango. A kawo jar ƙasa, a zuba kaɗan-kaɗan kamar santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daddanne da inji, gefe biyu suna tashi tare. Tifa ta juye gaba ɗaya a baje da shebur, wannan ne ke sa bayan ruwan farko ka ji mota ta yi tsalle a bakin gada, daga nan kuma ruwa ya samu hanya ta bayan bangon.

Wajen kwaɓi kuwa, leburori suna son ƙara ruwa don kankare ya yi saukin zubawa, ruwan nan kuma ƙarfinsa yake ragewa. Yashi mai laka ba ya kama siminti. Damƙi kaɗan ka murza a tafin hannu, in ya bar maka tabo a canza shi. Kada rodi ya kwanta a kan katako, a ɗaga shi da ƙananan tubalan siminti don kankare ya lulluɓe shi da kamar santimita 5, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi. Bayan zubi a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, a rufe da buhunan algarara masu jiƙa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Na san matsin da ake sha daga direbobi, "Yallaɓai, a buɗe mana mana, ai ya bushe," amma bushewa daban, ƙarfi daban. Shi ya sa ake fara yin ratse mai kyau kafin a rushe tsohuwar gada, a kuma soma aiki tun Nuwamba don kada ruwan farko ya tarar da rami a buɗe.

Aikin gayya abin yabo ne, kuma kwalbatoci da yawa da shi aka yi su. Sai dai gadar da tirela ko tifar yashi za ta hau, a nemi injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya zana ta ya ƙayyade rodinta, ko a kai buƙatar ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Bayan an gama, mai unguwa ya hana zuba shara a bakin kwalbati, ya hana masu tifa ɗibar yashi kusa da ƙafafun gada, domin ramin da suke bari shi ma baya yake ja. A watan Mayu matasa su shiga su yashe ciki, bayan kowane babban ruwa kuma wani ya sauka ta bakin mafita ya leƙa ƙarƙashin daɓe, in ya ga rami ya fara a cike shi da duwatsu a makon.