Yadda ake haɗa gajeren barkwancin shirme da wayar hannu

Shirmen da ke sa mutane dariya ba haka kawai yake faɗowa ba. Ƙarya ɗaya tak ake shukawa, sauran komai ya tafi a kan gaskiya. 'Yan kama sun daɗe da gane wannan: ɗan kama zai gyara zama, ya ɗauko muryar malami mai karantarwa, amma duk karatun na tuwo ne da miya da nama. Ko a ƙasashen Turawa haka abin yake. A 2019 Maurizio Cattelan, ɗan Italiya, ya manna ayaba a bango da salatif a wani baje kolin zane a Miami, aka saye ta dala 120,000, a 2024 kuma ta kai dala miliyan 6.2 a gwanjo. Ayabar ba abin dariya ba ce. Yadda manya suka tsaya gabanta da fuska a murtuke shi ne wasan.

To, fara da rubuta ƙaryarka a jimla ɗaya. Misali: wani mutum ya kai akuyarsa makarantar firamare a yi mata rajista. Daga nan kada ka ƙara wata ƙarya. Hedimasta ba zai zaro ido ba, ba zai ce "kai mahaukaci ne?" ba. Zai jawo rajista, ya tambayi takardar haihuwa da hoton fasfo biyu. Damuwarsa ɗaya ce: yarinyar ba ta kai shekara shida ba. Da zarar wani a cikin wasan ya nuna ya san shirme ake yi, dariya ta mutu, domin ya ƙwace wa mai kallo aikinsa.

Hawa uku ya isa, kowanne ya fi na baya tsanani. Na farko takardu, na biyu telan makaranta ya zo da tef yana awon inifom, na uku akuya ta cinye fom ɗin, hedimasta ya ce a biya kuɗin sabo. A nan za ka yanke. Kada a yi bayani, kada a bi juna da gudu. Wannan guje-gujen ƙarshe alama ce ta wanda bai san inda zai tsaya ba.

Tsawon duka kada ya wuce daƙiƙa 45 zuwa 60. Abin da ya fi cinye lokaci shi ne gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, daƙiƙa goma ta tafi, mai kallo ya wuce. Hoton farko ya zama akuya a bakin ofis.

Riƙe wayar a tsaye, a kan abin da ba ya motsi, haske ta bayan mai ɗauka. Sauti ya fi hoto muhimmanci, don haka a maƙala ƙaramar makirfo a wuyan riga, a kashe fanka, a nisanci janareto. Bayan kowace magana mai nauyi a bar shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kada a toshe shi da dariyar na'ura. Idan ɗan wasa ya yi murmushi, a sake ɗauka. Fom ɗin kuma a buga kwafi da yawa, akuya ba ta jiran umarni.

Rowa, kwaɗayi, bashi, tusa a cikin taro, faɗuwar mai taƙama, duk kayan aiki ne, ba abin kunya ba. Amma dariya ta hau kan mai girman kai, ba kan gurgu ko makaho ba. Addini a bar shi. Sunan mutum na gaske ma haka: a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa 'yan barkwancin TikTok biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar kotu ta kwana 30, kan ɓata sunan gwamna. Hedimastanka ya zama na ƙirƙira, allon makarantar kuma kada ya fito a hoto.