Idan tsoho ya ruɗe bayan tiyata: kurakuran da masu jinya suka fi yi

An yi wa Baba aikin karayar ƙugu, ya farfaɗo lafiya har ya gaisa da kowa. A dare na biyu sai ga shi yana sambatu, yana fizge robar ƙarin ruwa, wai ga mutane can jikin bango. Irin wannan ruɗewa ta fi kama waɗanda suka haura shekara 65, galibi cikin kwana 3 na farko, kuma tana zuwa tana tafiya: da hantsi garau, da dare a birkice.

Babban kuskure shi ne a ce gigin tsufa ne, ko iska ta taɓa shi, a kama bakin da ya kamata a buɗe. Gigin tsufa a hankali yake shiga, cikin watanni da shekaru. Wanda ya zo dare ɗaya kuwa, jiki ne ke kai ƙara: ƙwayar cuta a huhu ko mafitsara, ƙarancin ruwa ko iskar oksijin, faɗuwar suga, zafin ciwo, fitsari ko bayan gida da ya ƙi fita. A yi addu'a, amma a lokacin nan a kira nas a ce: "Jiya ba haka yake ba." Ku kuka san shi, likita bai san yadda yake a gida ba.

Wanda ya fi damuna shi ne tsohon da bai yi hayaniya ba. Ya yi lamo, barci kawai, ba ya ci, sai a ce hutawa yake. Wannan ma ruɗewar ce, kuma ita aka fi sakaci da ita. A tashe shi a tambaye shi ina yake, wace rana ce.

Kada a sayo masa Valium ko Piriton a kemis don ya yi barci, ƙara dagula ƙwaƙwalwar suke yi. Kada kuma a ɓoye wa likita abin da yake sha a gida, ko tiramadol ne, ko giya, ko jiƙo.

Ɗaure shi da gado na ƙara firgita shi, haka ma musu da shi da cincirindon 'yan dubiya. Mutum ɗaya ko biyu da ya saba da su sun isa. A mayar masa da tabarau da carbinsa, a buɗe taga da rana, a rage fitila da dare, a riƙa faɗa masa an yi azahar, an yi la'asar. Da zarar likita ya ba da izini, a ba shi ruwa, a zaunar da shi, a taimaka masa ya taka.