Yadda ake gyara takardar haraji a Amurka bayan an riga an tura ta

Da zarar watan Maris ya kama, tambayar da 'yan uwa suka fi tare ni da ita a nan Bronx, cikin birnin New York, ita ce: "Malam, na riga na tura takardar harajina, sai ga wata takarda ta iso daga wurin aiki. Na shiga uku ke nan?" Ba ka shiga uku ba. Hukumar haraji ta IRS tana da fom na musamman saboda haka, sunansa 1040-X. Ni ba lauya ba ne, na dai daɗe ina zama da mutanenmu muna cike waɗannan takardu.

Ba kowane kuskure ne yake buƙatar gyara ba. In lissafi ne ya kuɓuce maka, IRS za ta gyara da kanta ta aiko maka da wasiƙa. In wata takarda ce ka manta ba ka haɗa ba, galibi su za su neme ta. Ana ɗauko 1040-X ne idan kuɗin shigar da ka rubuta ba daidai ba ne, ko matsayin aurenka, ko mutanen da ka ce suna ƙarƙashinka, ko kuma akwai rangwamen da ya kamace ka ba ka nema ba. Idan kuwa wasiƙar da ake kira CP2000 ta riga ka, wato sun ga kuɗin da ba ka faɗa ba, to wasiƙar za ka amsa cikin wa'adin da ke jikinta, yawanci kwana 30.

Kada ka yi gaggawa. In kana jiran kuɗin da za a mayar maka daga takardar farko, bari su shigo tukuna. Ba laifi ka taɓa su, gyaran zai biyo baya.

Fom ɗin yana da ginshiƙi uku. A shi ne abin da ka rubuta da farko, B shi ne ƙari ko ragi, C kuma adadin da yake daidai. Ɗauki misalin mai aikin sito wanda takardar albashinsa ta W-2 ta nuna ya samu dala 32,000 a 2024, yana kuma kai saƙo da motarsa da yamma. Bayan ya tura komai sai ga 1099-NEC, takardar kuɗin da ya samu a aikin kai saƙon, ta dala 6,000. Ba duka za a yanka wa haraji ba. In ya yi mil 4,000 a kan aikin, kuma yana da shaidar hakan a rubuce, zai cire santi 67 a kan kowane mil, wanda shi ne farashin 2024. Dala 2,680 ke nan, saura 3,320. A kan wannan ribar akwai harajin mai aikin kansa, kashi 15.3 cikin 100 da ake lissafawa a kan kashi 92.35 cikin 100 na ribar, wanda a nan ya kama kusan dala 469, kuma doka ta yarda ya cire rabinsa daga kuɗin shiga. To a layin farko, na kuɗin shiga, A zai nuna 32,000, B 3,085, C 35,085. Sai ya haɗa da Schedule C, takardar lissafin ribar, da Schedule SE, ta harajin mai aikin kansa. A wurin bayani jimla biyu sun isa: takarda kaza ta iso a makare, ga kuɗin, ga abin da na cire. Babu mai neman labarin rayuwarka.

Kowace shekara da nata fom ɗin. Na bana da na shekaru biyu da suka gabata ana iya turawa ta intanet, abin da ya girmi haka sai ta gidan waya.

In gyaran ya nuna ana bin ka, biya ranar da ka tura, ko da wani ɓangare ne, sauran ka nemi a tsara maka biya wata-wata. Kuɗin ruwa yana hawa ne tun daga wa'adin Afrilu na waccan shekarar, ba daga ranar da ka farga ba. Wanda kuma ya gyara kafin IRS ta taɓa shi galibi yana tsira daga tarar kashi 20 cikin 100 da ake ɗora wa mai sakaci. In kai kake bin su, akwai wa'adi: shekara 3 daga ranar da ka tura ta farko, ko shekara 2 daga ranar da ka biya harajin, duk wanda ya fi nisa. Wanda ya tura da wuri ana lissafa masa daga ranar wa'adi, don haka mai takardar 2023 da ya tura a Fabrairun 2024 yana da har 15 ga Afrilu 2027. Ya wuce nan, kuɗin sun zama na gwamnati.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne maganar iyali, kuma a nan nake ɗaga murya. Mutum yana da mata a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, mai cike masa takarda ya rubuta shi marar aure, wai ai matar ba ta nan. Wanda ke da auren da doka ta sani a ranar 31 ga Disamba ba zai cike a matsayin marar aure ba, ko ina matar take. Galibi ko dai ya cike a matsayin mai aure da ke turawa shi kaɗai, ko su tura tare bayan ya nema mata lambar ITIN, wato lambar haraji ta wanda ba shi da lambar Social Security (SSN), da fom W-7, amma a nan kuɗin shigarta na gida ma sai an faɗa. Ranar da zai nema mata biza, takardun harajin nan suna cikin abin da za a duba, kuma ba daɗi a ga takarda ɗaya ta ce da aure, ɗaya ta ce babu.

Haka maganar yara. Kana aika wa mahaifiyarka da 'ya'yan ƙanenka kuɗi duk wata, Allah ya saka da alheri, amma dokar haraji ba ta lissafa su a ƙarƙashinka. Sai wanda za ka sa a ƙarƙashinka ya zama ɗan Amurka, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Aron ɗan maƙwabci kuwa don a samu kuɗi mai tsoka, wannan ba kuskure ba ne, zamba ce. Ana iya hana mutum rangwamen masu ƙaramin ƙarfi na shekara 2 in ganganci ne, shekara 10 in zamba ce. In an taɓa yi maka haka, gyara ka mayar da kuɗin tun kafin ka cike fom ɗin neman zama ɗan ƙasa. Wanda ya mayar da ɗansa haifaffen nan gida don karatu da tarbiyya, tasa maganar tana da sarƙaƙiya, ya zauna da masani tukuna.

Kuma kada ka koma wurin wanda ya ɓata maka ta farko in bai sa hannu a jikinta ba. Duk mai karɓar kuɗi ya cike wa mutane takarda dole ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN, wadda IRS ke ba masu wannan sana'a. Mai ƙin yin haka ya san abin da ya shuka, kuma kai IRS za ta riƙe. Masu ƙaramin ƙarfi su nemi cibiyoyin VITA na 'yan sa-kai masu taya cike takardun haraji, kyauta ne, sai dai a fara tambaya ko suna yin gyara.

Jiha ma tana da nata. A New York fom ɗin IT-201-X ne, kuma kwana 90 suke ba ka daga ranar da ka gyara ta tarayya.

Sauran sai haƙuri. IRS ta ce aikin yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, wani lokaci har 16. Bayan kamar mako 3 za ka iya duba inda aka kwana a shafinsu na Where's My Amended Return, da lambarka ta SSN ko ITIN, ranar haihuwa da lambar yankinku ta gidan waya. In ka ji shiru, kada ka sake tura wani fom ɗin. Biyu a kan shekara ɗaya ƙara jinkirta aikin suke yi.