Yadda Ake Koyar da Ɗaliban Harhaɗa Magunguna Cututtukan Ƙoda da Mafitsara

Abin da ake so ɗalibin harhaɗa magunguna ya iya a ƙarshen wannan kwas shi ne ya riƙe takardar magani a hannu ɗaya, sakamakon gwajin jini a ɗaya hannun, ya amsa tambaya biyu: yaya wannan ƙodar za ta yi da maganin, kuma me maganin zai yi mata? Duk abin da bai taimaka wajen amsa su ba, a taƙaita shi. Bitar yadda ƙoda ke aiki kada ta wuce awa biyu: tacewa, sake tsotsewa, fitarwa, sai a nuna a zane inda magungunan ƙara fitsari, furosemide da thiazide da spironolactone, ke kama aikinsu.

Lissafi shi ne inda ya kamata a daɗe. A rubuta ƙa'idar Cockcroft-Gault ta 1976, wadda ke kimanta ƙarfin tacewar ƙoda, a allo: a cire shekarun majinyaci daga 140, a ninka da nauyinsa a kilo, a raba da 72 sau kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa) na jini a ma'aunin mg/dL, idan mace ce a ninka da 0.85. Sai a ba su misali nan take. Mace mai shekara 68, nauyinta kilo 55, kiriyatinin 150 µmol/L. Dole a fara raba 150 da 88.4, a samu 1.7 mg/dL, amsar ƙarshe ta fito kusan 27 mL a minti. Kuskure biyu za su bayyana a ajin ba tare da an nema ba. Wasu za su zuba 150 kai tsaye, su samu abin da bai kai 1 ba, kuma su rubuta shi ba su ko ɗaga gira ba. Wasu za su manta da 0.85, su samu 32. Na biyun ya fi haɗari domin yana kama da gaskiya: a ƙasa da 30 ne ake mayar da enoxaparin na maganin daskarewar jini daga mg 1 a kowane kilo sau biyu a rana zuwa sau ɗaya, don haka wanda ya samu 32 zai bar matar a kan ninkin abin da ya dace.

Daga nan a sa su lissafa eGFR, wato wani ƙiyasin ƙarfin tacewar ƙoda, na matar da ƙa'idar CKD-EPI ta 2021, za su samu wajen 32. A bar su su yi gardama a kan bambancin. Shi eGFR da shi ake sanya matakin ciwon ƙoda, kuma da shi ake hukuncin metformin na masu ciwon sukari: tsakanin 30 da 44 kada a wuce mg 1000 a rana, ƙasa da 30 a dakatar. Cockcroft-Gault kuwa ya fi dacewa ga tsoho, ko ramamme, ko maganin da ƙaramin kuskure a cikinsa ke kisa. Dukansu biyun ba su da amfani yayin da kiriyatinin ke hawa kullum, domin an gina su ne a kan adadin da ya tsaya wuri ɗaya.

Matakan ciwon ƙoda na KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da ƙoda, bisa eGFR suke, kuma haddacewa ake yi, ba wata dabara: G1 daga 90 zuwa sama, G2 60 zuwa 89, G3a 45 zuwa 59, G3b 30 zuwa 44, G4 15 zuwa 29, G5 ƙasa da 15, kuma sai matsalar ta kai wata uku ake kiranta ciwon ƙoda mai daɗewa.

Raunin ƙoda na farat ɗaya ya fi shiga kai idan aka koyar da shi da fayil ɗin majinyaci da aka goge sunansa. Ma'aunin shi ne hawan kiriyatinin da 0.3 mg/dL cikin awa 48, ko ya ninka sau ɗaya da rabi cikin kwana bakwai, ko fitsari ya gaza 0.5 mL a kowane kilo a awa har tsawon awa shida. Misali mafi kyau shi ne mai hawan jini da ke shan lisinopril da furosemide, ya sayi diclofenac a kemis saboda ciwon gwiwa, sai gudawa ta same shi. A tambayi ɗalibai dalili, kada a gaya musu. Diclofenac ya matse jijiyar da ke kai jini cikin matatar ƙoda, lisinopril ya saki wadda ke fitar da shi, furosemide da gudawa sun rage ruwan jiki, sai ƙarfin tacewa ya faɗi. Su kuma san cewa hawan kiriyatinin da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba bayan fara lisinopril ba dalilin dakatarwa ba ne. Ana sake gwaji tare da fotasiyam cikin mako ɗaya zuwa biyu. A nan ne kuma wurin kawo gentamicin, maganin ƙwayoyin cuta mai iya cutar da ƙoda, da tenofovir na masu ƙanjamau wanda ake sake duba shi idan tacewa ta sauka ƙasa da 50, da labarin maganin haƙoran jarirai My Pikin da ya gurɓata da diethylene glycol a Najeriya a 2008, ya lalata ƙodar yara, ya kashe aƙalla 84.

A ɓangaren mafitsara, a fara da tarihin ciwo. Majinyaci zai zo ya ce yana da ciwon sanyi, alhali abin na iya zama ƙwayar cuta a mafitsara, ko cutar saduwa, ko duwatsu, ko kumburin furostet a dattijo. Zafin fitsari da yawan fita ba tare da zazzaɓi ba, mafitsara ce, kuma galibi ƙwayar cutar E. coli ce. Idan aka ƙara zazzaɓi da ciwon kwiɓi, abin ya hau ƙoda, kuma nitrofurantoin, maganin cutar mafitsara, ba ya taruwa a naman ƙoda, don haka ba shi ne magani ba. Ana kuma guje masa idan eGFR ya gaza 45, ko ciki ya kusa haihuwa, ko mutum na da ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Ƙwayar cuta a fitsarin wanda ba ya jin komai ba a ba ta magani sai ga mai ciki ko wanda za a yi wa aikin hanyar fitsari. Yaron da ke wanka a rafi ko dam yana ganin jini a ƙarshen fitsari, a tuna da tsargiya: praziquantel mg 40 a kowane kilo, sha ɗaya.

Nasiha ga majinyaci sai an gwada ta da baki, ɗalibi ɗaya ya zama majinyacin da ake yi wa wankin ƙoda, ɗaya ya zama mai ba da magani, kuma da harshen da za su yi aiki da shi. "Rage gishiri" bai isa ba sai an ambaci dunƙulen ɗanɗano da kanwa. Ga mai yawan fotasiyam a ambaci ayaba, lemu, tumatir, dankalin turawa da dabino, musamman gabanin azumi. Calcium carbonate da aka rubuta don kama fosfet, tare da abinci ake shan sa, ba bayan awa biyu ba. A tambayi maganin gargajiya a hankali, domin wanda aka tsawata wa ɓoyewa zai yi.

Jarrabawa ta kasance tebur-tebur, minti takwas zuwa goma kowane: lissafin tacewa, gyaran takardar magani mai kuskure a ɓoye, nasiha, da kiran likita a ba shi shawarar canza magani cikin jimla uku. A teburin lissafi, wanda ya rikita mg/dL da µmol/L ya maimaita teburin ko da sauran aikinsa ya yi kyau.