Bin salsalar gidan uba da gwajin DNA: yadda muka yi a gidanmu na Gangare

Kakanmu na wajen uba ya zo Jos aikin kuza yana saurayi, a shekarun da ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya yake kwaso leburori zuwa Filato. A Gangare ya yi aure, nan ya rasu, bai taɓa komawa gida ba. Abin da ya bar mana kawai shi ne sunan wani ƙauye a ƙasar Kano, da labarin cewa ya baro wansa a can bayan sun saɓa a kan gona. Kwatsam, a wajen wani biki, aka haɗa mu da wani dattijo da ya ce shi jikan wannan wan ne. Sunan ƙauye ya yi daidai, tsagar fuskar da ya ce mahaifinsa na da ita ma ta yi kama da ta kakanmu, amma babu mai sauran rai da ya ga mutanen biyu tare. Wannan ne ya kai ni ga gwajin da zan bayyana muku.

Ni mace ce, don haka ba ni aka gwada ba. Kowane mutum yana da ƙullin ƙwayoyin gado guda 46, biyu-biyu sau 23. Ɗaya daga ciki, wanda ake kira Y, namiji ne kaɗai ke da shi, kuma daga uba yake sauka zuwa ɗa, kusan ba tare da ya canza ba. Saboda haka mai ba da samfur dole ya zama namiji a layin uba: mahaifi, wa ko ƙane uba ɗaya, baffa, ko ɗan baffa namiji. Kawu ba ya ciki, ɗan goggo ma ba ya ciki, komai kusancinku. Haka aka yi a Amurka a 1998 da ake binciken zuriyar tsohon shugabansu Thomas Jefferson: da yake ba shi da layin ɗa namiji ta hanyar matarsa, sai aka gwada jikokin baffansa. Mahaifinmu ya rasu, sai na nufi ƙanensa, wanda shi ne babba a gidan yanzu.

Kafin ku kashe ko sisi, ku zauna da tsofaffi da littafi da biro. A wajenmu suna ba ya bin gida kamar na Turawa. Wani sunan ubansa yake ɗauka, wani sunan garinsu, wani na wanda ya riƙe shi. Ku tambaya a hankali: wane ne aka haifa a gidan, wane ne ɗan riƙo, wane ne agola, wane ne almajirin da ya zauna har ya zama ɗan gida? Goggonmu ce ta tsayar da ni da na so gwada wani da muke kira Yaya tun muna yara; ashe da shi mahaifiyarsa ta shigo gidan. Da na tura samfurinsa, da na tayar da ƙurar da ba ta da dalili.

Sai neman izini, kuma a nan na fi daɗewa. Da na je wa Baffa da maganar, ya yi shiru, ya ce, "Wato so kike Bature ya faɗa mini ko ni ɗan ubana ne?"

Na ce, "A'a Baffa, Allah ya kiyaye. So muke mu gane ko dattijon nan na Kano jininku ne, don a sada zumunci."

Ya ce sai ya ji ta bakin malaminsa. Ya yi daidai. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke a 2002 cewa bai halatta a yi amfani da wannan gwaji don tuhumar nasabar da shari'a ta riga ta tabbatar ba. Namu neman dangin da aka rabu da su ne, shi ya sa aka amince. Tun a ranar muka yi alkawari cewa idan sakamako bai dace ba, maganar ta mutu a tsakaninmu, dattijon kuma yana nan a matsayin baƙon arziki. Ku ma ku yanke wannan shawarar kafin kwalin kayan gwajin ya iso.

Wajen zaɓen gwaji, kada a ruɗe ku da wanda ake tallatawa mai cewa kashi kaza na jininka daga ƙasa kaza ne. Wancan yana haɗa uwa da uba ne a tukunya ɗaya. Kamfanin AncestryDNA ma ya daina gwajin Y tun 2014. Wanda muka yi na FamilyTreeDNA ne, kamfanin da ke Houston a jihar Texas tun shekarar 2000. Suna da mai duba alamomi 37 a jikin Y, da mai 111, da babban da suke kira Big Y-700. Don gane ko maza biyu kaka ɗaya suka haɗa, mai 37 ya isa a fara da shi. Lokacin da na saya ya ɗan haura dala 100 kowanne, babban kuwa ya wuce dala 400. Biyu za ku saya, domin amfanin abin a kwatantawa yake. 'Yan Afirka ta Yamma ba su da yawa a rumbunsu, wanda ya gwada mutum ɗaya yana jiran dangi su faɗo daga sama zai iya tarar da shafi fayau. Katina na naira bai biya ba. Wata ƙawata da ke Ingila ta biya, ta kuma taho da kwalayen a jakarta.

Ba jini ake ɗiba ba. Ɗan tsinke ne mai kai kamar burushi, a goga shi a cikin kunci kamar minti ɗaya, a sa kan a 'yar kwalba a rufe. Tsinke biyu, kunci biyu. Sharaɗin shi ne kada a ci ko a sha komai na awa guda kafin nan. A nan goro ya kusa ɓata mana aiki. Na isa da hantsi na tarar bakin Baffa ja wur, dole na koma. Washegari na je bayan asuba cikin sanyin Jos, ya dawo daga masallaci da bargo a kafaɗa, kafin shayi ya iso muka gama. Ku rubuta lambar kowane kwali da sunan mai shi nan take, don kwalaben iri ɗaya ne. Na aika ta kamfanin aika saƙo mai ba da lambar bibiya, aka yi wajen wata biyu kafin sakamako ya fito.

Abu biyu za ku gani. Na farko jerin lambobi ne da ake jerawa da na ɗaya mutumin. Baffa da dattijon sun dace a alamomi 36 cikin 37, bambanci ɗaya tak, irin wanda ke faruwa da kansa cikin 'yan tsararraki. Wannan ya nuna kakan da suka haɗa ba na nesa ba ne. Bai ce wa da ƙane ne ba, bai kuma ambaci sunan kowa ba. Labarin gona da tsagar fuska su suka cike gurbin.

Na biyu shi ne babban reshen da layinku ya fito a bishiyar 'yan Adam, kuma nan ne mutane ke zamewa. Namu ya fito R1b. Ƙanena ya duba intanet, ya ga shi ne ya fi yawa a Yammacin Turai, kafin azahar ya sanar a WhatsApp na dangi cewa mu jikokin Turawa ne, har da tuno Turawan kuza. Sai da muka ƙara wani ƙaramin gwaji a ɗakin gwaji na YSEQ da ke Berlin ya nuna ƙaramin reshenmu V88 ne. Wannan ya rabu da na Turai fiye da shekara 10,000, kuma binciken wani masani mai suna Cruciani da abokan aikinsa na 2010 ya same shi da yawa a yankin Tafkin Chadi, musamman cikin masu harsunan da ke dangi da Hausa. A wasu ƙabilun arewacin Kamaru mafi yawan maza shi ne da su. Wanda ya fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma E-M2 ne, J1 kuma ya fi yawa a yankin Larabawa. Ko J1 ɗin aka samu, ba takardar sharifta ba ce, kuma babu gwajin da zai ce muku ga jinin Bayajidda, tunda babu samfurinsa da za a auna da shi.

Sauran abu ɗaya: sirri. A 2023 an yi wa wani kamfanin gwajin DNA mai suna 23andMe kutse aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7, a 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardar karyewa. Ƙwayar Y ta Baffa ita ce ta duk mazan layin ubanmu. Don haka na sa haruffa a maimakon cikakken suna, na kashe zaɓin da ke bai wa jami'an bincike damar dubawa, na sauke sakamakon na ajiye a waya da takarda.

Da na karanta wa Baffa, bai tambayi V88 ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi a nemo mota bayan ƙaramar salla, a sayi buhun dankalin Turawa a Farin Gada, yana so ya ga gonar da aka yi faɗan a kanta.