Yadda ake haɗa roka mai tashi da ruwa don gasar 'yan sikawut

Duk sanda yaranmu na sikawut a Tawa ke shirin gasar roka, sai in ga kowa ya dage sai ya fi kowa buga famfon iska. Alhali abin da ke kai roka nesa shi ne awon ruwa da nauyin hanci.

Ku nemo buteli biyu na lemo mai gas, masu lita 1.5. Lalle sai na lemo mai gas, don su aka ƙera su jure matsin iska. Na ruwan sha ba su da kauri, na gilas kuwa kada ma ku kusance su.

Buteli ɗaya kada a taɓa shi da wuƙa, shi ne cikin roka, kuma bakinsa ƙasa zai kalla. Ɗayan ku yanke samansa, ku kifa a gindin na farko, ku naɗe da sikoci. Wannan shi ne hanci. Kafin ku rufe, ku ƙulla ɗan rairayi a leda, kamar cikin tafin hannun yaro, ku liƙe shi can ƙurya. Nan ne yara suka fi yin sakaci. Na ga roka mai kyan fenti da ta tashi babu nauyi a hanci, ta yi ta alkafura a sama, ta faɗo taku goma daga inda aka harba ta, mai ita har da hawaye.

Ku yanka fukafukai uku daga kwali mai tauri, girmansu ɗaya, ku manna kusa da baki.

Sai toshi: wanda zai shiga bakin butelin da ƙyar. Ku huda tsakiyarsa, ku cusa bawul ɗin tsohuwar tayar keke. Mai faci na bakin kasuwa zai ba ku.

Ruwa kashi ɗaya cikin uku, wato rabin lita. Iskar da kuka matse ita ke koro ruwan ƙasa da ƙarfi, ruwan kuma ya ingiza butelin sama; dokar da masanin kimiyya Isaac Newton ya wallafa ke nan a 1687. In ruwa ya yi yawa roka ta yi nauyi, in ya yi kaɗan iska ta fice ba ta tura komai ba.

A fili, ku cusa toshin a bakin butelin, ku haɗa famfo da bawul ɗin, ku jingina rokar a kan katako. In nisa ake nema, karkata ta digiri 45. In tsawo, ta miƙe sak. Ku ba iskar hunturu baya. Kowa ya koma bayan mai famfo, kada a leƙa ta sama ko da toshin ya ƙi fita. Mai famfo ya yi ta bugawa a hankali har toshin ya ɓalle da kansa.

Kafin layinku ya zo, ku ajiye rokar a inuwa, don ranar Tawa tana sa roba ta yi laushi, ta fashe a kan katako.