Kurakuran da muke yi da hotunan 'yan uwanmu sojoji, musamman masu harbin nesa

Jama'a akwai abin da ya zama ruwan dare a Sakkwato tun da aikin soja ya tsananta wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, ga kuma Tangaza da Gudu inda Lakurawa sunka ɓulla. Yaro zai turo wa gida hoto yana riƙe da doguwar bindiga mai madubi, kafin la'asar ƙanwarsa ta ɗora a sitatus, ɗan baffansa ya kai Facebook har da rubutu wai "zakinmu na barikin Giginya, sinaifa ne, shi ke aika ɓarayin daji lahira". Ba wanda ya ce da mugun nufi anka yi, alfahari ne kawai, amma ɓarnar da ke ciki ba kaɗan ba ce.

Mafi muni shi ne haɗa fuska da suna da irin aikin wuri guda. Ko soja na gama-gari bai kamata a yi mashi haka ba, balle sinaifa, wato mai harbin nesa, don shi abokan gaba sun fi ƙullatarsa, mutum ne da zai kwanta cikin ciyawa awa da awanni ya zaɓi mutum guda, galibi babba cikinsu, ya ɗauke shi ba su ma san ta inda harsashi ya fito ba. Ku duba abin da ya sami Craig Harrison na sojan Ingila. A Nuwamban 2009 a lardin Helmand na Afganistan ya harbe 'yan Taliban biyu daga nisan mita 2,475 da bindiga L115A3, a lokacin ba a taɓa tabbatar da harbi mai nisan haka ba. Labari ya fita jaridu da sunansa ƙarara, sai ga barazanar za a sace shi, dole ya kwashi matarsa da ɗiyarsa sunka bar gida, daga baya ma'aikatar tsaron ƙasarsu ta biya shi diyyar fam 100,000. To wannan fa Ingila ke nan, ina ga wanda tsohuwarsa ke ƙauyen da babur ɗin ɓarayi ke ratsawa kowace ranar kasuwa? Su kuwa 'yan Kanada da nasu ya yi harbin mita 3,540 a Iraƙi a 2017 da McMillan TAC-50, sun faɗi nisan, sun faɗi rundunar, sunan mutumin kuwa ba su bayar ba. Haka ya kamata mu ma, in yabo za ka yi ka ce Allah ya taimaki sojojinmu, ya isa.

Sai masu manna imoji a fuska su ce ai sun rufe. Malam ka rufe mi? Sunan yana nan ɗinke a ƙirjin kaki, igiyarsa na nan a hannu, sannan bindigar kanta shaida ce. Cikin mutum goma, tara na riƙe da AK wadda amfaninta bai wuce mita 300 zuwa 400 ba, shi kaɗai ke da doguwa mai madubi irin Dragunov da ke kai wajen mita 800, ko yaro ya san wa zai nuna. Wani abin haushin ma, ba duk mai madubi a bindiga ne sinaifa ba, wani aro ya yi don ɗaukar hoto, kai kuma ka laƙaba mashi sunan da zai sa a neme shi a banza. Kuma shi na gaskiyar ba ya aiki shi kaɗai, akwai abokinsa mai duba iska da auna nisa yana faɗa mashi gyara, in ka saki hoton su biyu ka tona biyu. In dole sai an ajiye hoto a bar shi cikin waya, ko a wanke a rataye a ɗaki.

Wurin da anka ɗauka ma magana ce. Waya na iya liƙa lokeshan a jikin hoto, WhatsApp na goge shi in ka tura a matsayin hoto, amma in ka tura a dokumen don wai ya fi fita tas, to da komai yake tafiya. Sojan Amurka da kansu sun ba da labarin yadda a 2007 a Iraƙi hotunan da yaransu sunka ɗora a intanet sunka nuna daidai inda sabbin jirage masu saukar ungulu suke, anka yi masu ruwan bama-bamai jiragen Apache huɗu sunka lalace. Ko ba lokeshan, tankin ruwa ko allon firamare ko ƙarfen sabis a bayan mutum ya ishi ɗan yankin ya gane garin. A kashe lokeshan na kyamara, a dubi bayan hoto kafin a dubi fuska.

Akwai kuma addu'a mai tona asiri, "yayana sun tashi yanzu sun nufi Sabon Birni ku sa su a addu'a". Ka ba da lokaci ka ba da hanya, saura mi? Yi addu'ar a kan darduma.

Sannan wannan tunanin na "ai 'yan uwa kaɗai ke gani". Guruf ɗin unguwa mai mutum ɗari biyu ba 'yan uwa ba ne, kowa ya san matsalar infoma, ita ce ma cikin dalilan da sunka sa anka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a Satumban 2021. Sikirinshot ɗaya ya wadatar.

Wanda ya riga ya ɗora ya goge, ya bi waɗanda sunka yaɗa ɗaya bayan ɗaya su ma su cire, sannan ya kira shi sojan ya faɗa mashi gaskiya, da ranar da hoton ya fita da inda ya kai, don ya sanar da ogansa su san matakin da za su ɗauka a kansa da gidansu.